Yadda Ake Kek ɗin Kirsimeti a Gida, da Ranar da Ya Kamata a Gasa Shi

Shekarar da na fara yin kek ɗin Kirsimeti da hannuna, tun tsakiyar Oktoba na gasa shi, don na ji an ce haka mutanen Ingila suke yi. Na naɗe shi tsaf na sa a gwangwani, duk mako sai in buɗe in ɗiga masa ruwan lemo. Ana saura kwana goma biki na warware takardar, sai ga fumfuna fara da kore ta zagaye gefensa kaf. Kilo guda na zabibi da dabino, ga bota, ga ƙwai, ga awa huɗu da na yi ina gadin wuta, duk suka tafi bola. Na je Wusasa na kai wa gwaggona kuka, domin a wajenta na fara cin irin wannan kek ɗin tun ina ƙarama. Da ta gama saurarena sai ta ce, "'Yar nan, kin ɗauko lokacinsu kin baro abin da ke tsare musu kek ɗin. Su barasa suke zuba masa, kuma ƙasarsu sanyi ake. Ke ruwan lemo kika zuba, a zafin ƙarshen damina. Ai dole ya lalace."

Tun daga ranar na gane cewa tambayar "yaushe zan gasa?" ba ta da amsa ɗaya. Amsar tana ga abin da za ki jiƙa 'ya'yan itacenki da shi, da kuma inda za ki ajiye kek ɗin.

Wane irin kek ne wannan?

Ba irin kek ɗin biki mai laushi kamar auduga ba ne. Wannan baƙi ne, mai nauyi, busassun 'ya'yan itace sun fi fulawa yawa a cikinsa har ninki huɗu. Fulawar da ƙwan aikinsu kawai su riƙe zabibin kada ya watse. Asalinsa daga Ingila ne. A da can, kek ɗin dare na goma sha biyu bayan Kirsimeti suke yi, wato farkon Janairu, sai a ƙarni na 19, zamanin Sarauniya Biktoriya, al'adar ta koma kan Kirsimetin kanta. Suna da wata Lahadi ta musamman, wadda ke faɗowa tsakanin 20 da 26 ga Nuwamba, kafin a shiga makonni huɗu na shirin Kirsimeti. Addu'ar wannan rana a littafin addu'ar cocin Angilika tana farawa ne da roƙon Ubangiji ya motsa zukatan bayinsa, sai mutane suka mai da kalmar tunatarwa cewa lokacin motsa kwaɓi ya yi. A ranar ake kwaɓa wani abin zaƙi da suke turarawa, gidaje da yawa kuma su haɗa da kek ɗin. Daga nan ya bi 'yan mishan da masu mulkin mallaka ya shiga duniya. A Jamaika da maƙwabtanta sun mai da shi baƙi ƙirin da ƙonannen sukari, a Kerala ta Indiya suna da nasu, mu ma ya zo mana ta gidajen mishan.

Yaushe za ki gasa

Idan da barasa za a yi, kamar yadda Turawa ke yi da burandi ko ram, ana gasawa mako shida zuwa takwas kafin Kirsimeti, wasu har wata uku. Barasar da yawan sukarin ne ke hana fumfuna kama shi. Ni ba na amfani da ita, kuma yawancin gidajen da na sani ma haka. Da yawa cikin Kiristocinmu ba sa sha, sannan abincin Kirsimeti a wajenmu ba na 'yan gida kaɗai ba ne. Ana zubawa a kai wa maƙwabta Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko mana da naman Sallah. Kada wani ya ruɗe ki cewa wuta tana ƙone barasar duka. Ba ta ƙonewa duka, balle wadda ake ɗigawa bayan an sauke kek ɗin, wannan tana nan daram. Wadda ta sa barasa a nata, haƙƙi ne a kanta ta faɗa wa duk wanda za ta miƙa wa.

Idan babu barasa, to kwana goma zuwa sati biyu kafin biki shi ne daidai. Ni Asabar ɗin da ta fi kusa da 12 ga Disamba nake zaɓa, don aikin yana cin yini guda. A lokacin hunturu ya kankama, iska ta bushe, dare da sanyi, kek ɗin zai zauna lafiya a ɗaki. Wadda ke zaune inda ake laima, kamar Legas ko Fatakwal ko Kumasi, ta rage zuwa mako guda, ko ta ajiye shi a firji. Wadda kuwa ke da firiza da wutar da ba ta yankewa, tana iya gasawa tun Oktoba ko Nuwamba, ta naɗe shi sosai ta daskarar, ta fito da shi ana saura kwana biyar ya narke a hankali cikin naɗinsa.

Kada kuma ki ce tunda haka ne bari ki gasa ana jajibere. Kek ɗin da aka sauke jiya ba ya yankuwa, marmashewa yake yi, kuma ƙamshin kanumfari da citta yana nan da kaifinsa. Sai ya kwana aƙalla bakwai kafin damshin zabibin ya ratsa ko'ina, ɓawon waje ya yi laushi, kayan ƙamshin su daidaita.

Cefane

Ki yi cefanenki tun farkon Disamba, kafin kayan kek su yi tsada kuma masu kyau su ƙare. Awon da zan ba ki na gwangwanin gashi ne mai faɗin santimita 20 zuwa 23, mai zurfi sosai, aƙalla santimita 8. Ki nemi ƙaramin sikelin kicin. A wannan kek ɗin awon ido yana jawo asara.

'Ya'yan itace kilo ɗaya cif: baƙin zabibi giram 400, zabibi mai ruwan zuma giram 250, dabino da aka cire wa ƙwallo giram 200, ɓawon lemo da aka dafa da sukari giram 75, sai jan ceri na shagon kayan kek giram 75. Ba dole sai wannan rabon ba. In ceri ya yi tsada ki ƙara dabino, in kina da busasshen mangwaro ko abarba ki sa kaɗan, muddin jimillar ta tsaya a kilo ɗaya. Sai kashu marar gishiri giram 100, a daddatsa shi.

Na kwaɓi kuma: bota giram 250, sukari giram 200, mazarƙwaila giram 50, fulawa giram 250, ƙwai manya 4 ko ƙanana 5, bekin fauda rabin ƙaramin cokali, gishiri ɗan kaɗan. Kayan ƙamshi: kirfa ƙaramin cokali ɗaya, gyaɗar ƙamshi rabin cokali, garin citta rabin cokali, kanumfari kwatan cokali. Kanumfari ki yi masa a hankali, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji. Sai lemon zaƙi biyu da ganyen baƙin shayi.

Maganar mazarƙwaila: Turawa jan sukari suke sawa da wani baƙin ruwan rake mai kauri, su ne ke ba kek ɗin duhunsa da wannan ɗanɗano mai ɗan ɗaci-ɗaci. Mu da muke kusa da gonakin raken Maƙarfi ba mu da dalilin neman na kanti. Mazarƙwaila tana yin wannan aikin, ni a bakina ma ta fi. Sai dai takan zo da yashi da ɓurɓushin rake, don haka kada ki zuba ta kai tsaye. Ki farfasa ta, ki narkar a wuta da ruwa cokali uku, ki tace da rariya mai laushi, ki mayar kan wuta har ta yi kaurin zuma, ki bar ta ta huce. In kina son ya ƙara duhu, ki ƙona farin sukari cokali uku a busasshiyar tukunya har ya yi ja sosai, ki zuba ruwan zafi cokali uku kina nesa da bakin tukunyar don yana fantsama. Kada ki bari ya yi baƙi yana hayaƙi, ɗacinsa ba ya gyaruwa.

Bota ta gaskiya ta fi ƙamshi da daɗi, amma bota ta gashi irin ta fakiti ma tana yi. Wadda ake shafa wa burodi mai laushin nan ce ban ba ki shawara ba, ruwa ya yi mata yawa.

Ɓawon lemo ba sai kin saya ba. Ki fere lemo uku, ki yanka ɓawon sirara, ki tafasa ki zubar da ruwan har sau uku don ɗacin ya fita. Sai ki dafa shi cikin kofi ɗaya na ruwa da kofi ɗaya na sukari a wuta kaɗan, kamar minti arba'in, har ya yi sheƙi. Ki tsame ki baza a faranti ya kwana biyu yana shan iska, sannan ki yayyanka ƙanana.

Daren jiƙo

Ana gobe gashi, ki zauna da tire ki tsince zabibin. Na kasuwa yakan zo da 'yan sanduna da tsakuwa, kuma babu abin da ke ɓata wa mai ci rai kamar ya tauna yashi. Ki wanke, ki tsane a kwando. Dabinon ki yanka daidai girman zabibi. In busasshe ne mai tauri irin wanda ake kawowa daga Agadas, ki fara jiƙa shi a ruwan ɗumi na awa ɗaya. Cerin ki raba biyu, ki ɗauraye ruwan sukarin da ke jikinsa, ki goge da tsumma mai tsabta. Wannan santsin ne ke sa shi nutsewa ƙasan kek.

Ki dafa baƙin shayi mai ƙarfi, milimita 150, ki matse lemo ki sami milimita 100, amma kafin ki matse ki goge koren bayansa da abin goga kuɓewa, ki ajiye don kwaɓi, ban da farin ɓawon da ke ƙarƙashin koren. Ki haɗa shayin da ruwan lemon da 'ya'yan itacen duka a tukunya, ki ɗora a wuta kaɗan minti biyar zuwa goma kina juyawa. Ki sauke ki rufe ya kwana. Da safe za ki ga zabibin ya kumbura yana ƙyalli, ruwan kusan duk ya shanye. Dalilin wannan jiƙo shi ne, busasshen zabibi in ya shiga wuta da ƙishinsa, ruwan kwaɓin zai zuƙe, kek ɗin ya fito a bushe. In wani uzuri ya hana ki gashi washegari, ki sa jiƙon a firji, kada ya wuce kwana uku.

Shirya gwangwani

Wannan matakin ne mutane suka fi rainawa, shi ne kuma ke raba kek mai kyau da ƙonanne. Kek ɗin zai yi awa huɗu a wuta, ga shi cike da sukari, sukari kuwa ba ya jimirin zafi. Ki shafa wa gwangwanin bota, ki shimfiɗa takardar gashi ninki biyu a ƙasa, ninki biyu a gefe, ta ɗara bakin gwangwanin da kamar yatsa uku. Ta waje kuma ki naɗa takarda mai kauri, irin ruwan ƙasar nan, ninki biyu ko uku, ki ɗaure da zaren auduga. Ban da igiyar leda, narkewa za ta yi. In obin ɗinki na gas ne, ki tabbata takardar ba ta kusa da harshen wuta. Ki yanka wata takardar daidai faɗin saman, ki huda tsakiyarta kamar girman kwabo, ki ajiye ta a gefe.

Ki kunna obin tun kafin ki fara kwaɓi, a kan digiri 140 na ma'aunin Selsiyas. Ki sa ragar a ƙasa da tsakiya kaɗan.

Kwaɓi

Ki fito da bota da ƙwai tun da wuri. Da sanyin hunturu bota takan yi tauri kamar sabulu, ki ajiye ta kusa da murhu har yatsa ya riƙa shiga cikinta, amma kada ta narke ta zama mai.

Ki zuba bota da sukari a babbar roba ki buga. Da injin bugawa minti biyar ya isa, da muciya ko cokalin katako kuwa sai kin yi kwata na awa, hannu zai gaya miki. Alamar ya yi ita ce launin ya yi haske, ya tashi, in kin murza a yatsa ba ki jin sukarin sosai. Sai ki zuba mazarƙwailar da kika narkar da gogaggen bayan lemon.

Ƙwai ɗaya bayan ɗaya za ki sa, kuma kowanne ki fasa shi a kofi tukuna kafin ya shiga roba, don ruɓaɓɓe guda ɗaya ya isa ya jawo miki asarar komai. In kin zuba ɗaya, ki buga har ya ɓace kafin na gaba. Idan kika ga kwaɓin ya fara tsinkewa kamar nonon da ya yi tsami, ki barbaɗa cokali ɗaya na fulawar ki ci gaba, zai haɗe.

Ki tankaɗe fulawa da bekin fauda da gishiri da kayan ƙamshi wuri ɗaya. Ki tsane 'ya'yan itacen, in akwai sauran ruwa ki ajiye shi a kofi. Ki ɗebi cokali uku na fulawar ki barbaɗa musu tare da kashun, ki cakuɗa da hannu har kowane ƙwaya ya ɗan yi fari. Sauran fulawar ki zuba cikin botar kashi uku, kina juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Daga nan an gama bugu. In kika ci gaba da bugun fulawa, kek ɗin zai yi tauri. A ƙarshe ki juye 'ya'yan itacen ki gauraya har su rarrabu.

Kwaɓin zai yi nauyi, za ki ga kamar zabibin ya yi yawa. Haka ake so. Ki ɗebo da cokali ki karkata: in ya ɗan tsaya sannan ya faɗo gaba ɗaya, ya yi. In ya manne ya ƙi saukowa, ki ƙara cokali ɗaya ko biyu na ruwan jiƙon. In kuwa yana zuba kamar ƙullun waina, ruwa ya yi yawa, zabibin zai taru a ƙasa, ki ƙara fulawa kaɗan.

Ki zuba a gwangwani kina dannawa da bayan cokali don kada a bar rami, ki buga gindinsa a kan tebur sau biyu. Ki daidaita saman, sannan ki ɗan lotsa tsakiyar. Yana gasuwa tsakiyar za ta taso ta daidaita da gefe. Ki ɗora takardar nan mai huda a kan bakin takardun gefe, ba tare da ta taɓa kwaɓin ba.

Gashi

A digiri 140 zai ɗauki awa uku da rabi zuwa huɗu da rabi, gwargwadon obin da faɗin gwangwani. Awa biyu na farko kada ki buɗe ƙofa ko kaɗan. Ƙamshi zai cika gida tun awa ɗaya, yara za su fara zarya, ke ma ranki zai so leƙawa. Ki daure.

Yawancin obin ɗin gas da muke da su ba sa faɗin gaskiyar zafinsu, wasu ko an kai su ƙarshen ƙasa sun zarce 140. In kina da ma'aunin zafi na obin, ki sa shi ciki. In babu, tun kafin kek ya shiga ki barbaɗa fulawa a murfin gwangwani ki sa a ciki na minti biyar. In ta ɗan sauya zuwa ruwan ƙasa mai haske, zafin ya yi daidai. In ta yi ja sosai ko ta ƙone, ya yi yawa. Maganinsa ki sa tire mai yashi ko gishiri a can ƙasa ya tare zafin, ki kuma ajiye ƙaramin kwano da ruwan zafi a gefe. Mai obin na lantarki ta tanadi gas ko gawayi a kusa. In aka ɗauke wuta, kada ki buɗe ƙofar, zafin ciki zai riƙe shi na ɗan lokaci kafin ki shirya inda za ki mayar da shi.

Wadda ba ta da obin ma za ta yi. Gwaggona shekara da shekaru a tukunya take nata. Ki sami babbar tukunya mai kauri da murfin da ke rufuwa ruf, ki zuba yashi mai tsabta tsayin yatsa uku, ki ɗora 'yan duwatsu uku masu faɗi ko wani ƙarfe da zai ɗaga gwangwanin daga yashin. Ki rufe ta yi zafi minti ashirin. A wannan hanyar gara ki raba kwaɓin gwangwani biyu ƙanana, don babba guda ɗaya kafin cikinsa ya nuna ƙasan ya ƙone, kuma kada ki naɗa takardar waje, ta ciki ta wadatar. Garwashi kaɗan a ƙasa, wanda ya riga ya ruru ya yi toka-toka, 'yan ƙwayoyi kuma a kan murfi. Ki ajiye wani kurfoti a gefe kina rura gawayi, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ƙananan sukan yi awa biyu zuwa biyu da rabi. Aikin zama ne, ki ɗauko kujera.

In lokaci ya kusa, ki soka tsinken tsire a tsakiya har ƙasa. In ya fito babu ɗanyen kwaɓi, ya nuna. Wani lokaci tsinken yakan huda dabino ya fito da danƙo, sai ki sake gwadawa a wani wurin. Gwaggo kuma ta koya mini saurare: ki kawo kunnenki kusa, in kina jin yana 'yar ƙara sii-sii, da sauran ruwa a ciki, ki mayar na minti goma sha biyar. In ya yi shiru, ya gama. In saman ya tsage, zafi ne ya yi yawa, amma ba abin damuwa ba ne, ado zai rufe.

Ki bar shi cikin gwangwaninsa har ya huce sarai, gara ma ya kwana, ki rufa masa tsumma mai tsabta. Kek ɗin da aka naɗe da sauran ɗumi gumi yake yi, gumi kuwa shi ne ƙofar fumfuna.

Shayarwa da ajiya

Nan ne na yi kuskure a shekarar farko. Ɗanyen ruwan lemo ba ya zama, tsami yake yi. Abin da za ki shayar da kek ɗin da shi dole ya zama dafaffe mai sukari sosai. Ki haɗa rabin kofi na baƙin shayi da rabin kofi na sukari da ɗan bayan lemo, ki tafasa minti biyar, ki tace, ya huce. Ki huhhuda saman kek ɗin da tsinke wuri goma sha biyu ko fi, ki ɗiga cokali biyu, ki jira ya shanye. Ragowar ki zuba a kwalba mai tsabta ki sa a firji, in babu firji ki dafa sabo duk lokacin da za ki shayar.

Naɗi kuma, takardar gashi ce za ta fara taɓa jikinsa, ninki biyu, sannan takardar alminiyam a kai. In alminiyam ya taɓa kek ɗin kai tsaye, tsamin 'ya'yan itacen yana cin sa, sai ki ga ɗigo-ɗigon baƙi. Ki sa a gwangwani ko roba mai murfi, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da murhu. Kiyashi suna jin ƙamshinsa daga nesa. Ki ɗora gwangwanin a kan kwanon da aka kifa cikin faranti mai ruwa, ba za su iya tsallakawa ba.

In kin gasa ranar 12, ki sake shayarwa ranar 16 da ranar 19, cokali ɗaya kowane karo, kina juya shi, yau ta sama, gaba ta ƙasa. Da busasshiyar iskar hunturu za ki so ki ƙara, amma in kika taɓa kika ji saman da danshi, ki tsallake wannan karon. Duk buɗewa ki wanke hannu, ki duba gefe da ƙasa, ki sunsuna. In kika ga fumfuna ko kika ji warin tsami, kada ki yanke wurin ki ce sauran ya tsira. Saiwarta tana shiga ciki inda ido ba ya gani.

Ado

Turawa suna lulluɓe shi da wani kwaɓin garin almon da sukari, sannan su bi da farin aisin, wato lulluɓin sukari mai tauri wanda ke kama da dusar ƙanƙara. Aikin shimfiɗar farko shi ne ta hana mai da duhun kek ɗin ɓata farin. Almon yana da tsada a wajenmu, kashu kuwa yana maye gurbinsa, a Gowa ta Indiya ma da shi suke yi. Ki niƙa kashu marar gishiri giram 250 a bilenda, kina kunnawa kina kashewa don kada ya fitar da mai. Ki haɗa da sukarin aisin giram 250, ki zuba farin ƙwai ɗaya da ɗan lemon tsami, ki murza har ya haɗe kamar tuwon madara. In ya yi tauri ki ɗiga ruwa. Ranar 21 ki shafa wa kek ɗin zuma mai ɗumi sama da gefe, ki murza kwaɓin kashun ya yi faɗi, ki lulluɓe, ki gyara da tafin hannu. Ki rufa tsumma ki bar shi kwana biyu ya sha iska. Gindin kek ɗin ya fi saman daidaituwa, don haka ni kifa shi nake yi in yi ado a kan gindin.

Ranar 23 sai aisin: farin ƙwai 3, sukarin aisin giram 600 da aka tankaɗe, lemon tsami ƙaramin cokali biyu. Ki buga kina ƙara sukarin kaɗan-kaɗan har in kin ɗaga cokali ya bar tsini a tsaye. Ki shafa da wuƙa, ki bi da bayan cokali kina ɗagawa ya yi tudu-tudu. Ki yi da sauri, hunturu yana busar da shi tun yana roba, in za ki dakata ki rufe robar da jiƙaƙƙen tsumma. Daga nan kada ya shiga firji, gumi zai yi. Ki tuna ƙwan nan ɗanye ne. In akwai mai juna biyu ko tsoho marar lafiya ko ƙananan yara cikin masu ci, ki haɗa kashun da zuma da ruwa maimakon ƙwai, ki lulluɓe da fondan na shago, wato kwaɓin sukarin lulluɓe kek, a maimakon aisin ɗin.

Ni dai sau da yawa ba na yin ko ɗaya. Ina shafa zuma a sama, in jera soyayyen kashu da dabino da ceri, in sake bi da zuma, in ɗaura jan ƙyalle a gefe. Zaƙin cikinsa ya isa, kuma tsofaffin gidanmu sun fi son sa a haka.

Wajen yanka, ki sami wuƙa mai haƙora, ki riƙa ja kamar zarto ba dannawa ba, kina goge ta da jiƙaƙƙen tsumma bayan kowane yanka. Ki fara raba shi biyu, ki yanka dogaye masu kaurin yatsa, sannan ki datsa su ƙanana. Yana da nauyi, ɗan yanki da kofin shayi ya ƙosar da mutum, kek ɗaya zai kai wa mutum talatin. Na maƙwabta ki naɗe kowanne a takardar gashi, ki kuma faɗa musu akwai kashu a ciki saboda masu jikin da ba ya karɓarsa. Abin da ya rage ki haɗa fuskokin da aka yanka su manne da juna, ki mayar cikin takardarsa da gwangwaninsa, a cinye shi kafin makon farko na Janairu ya fita.